Idan Faya Ta Fashe, Ki Duba Agogo: Ƙwayar GBS da Allurar da Ke Kare Jariri

 

A wannan makon za mu tattauna a kan wata ƙwayar cuta da yawancinmu ba mu taɓa jin sunanta ba, alhali in kika ƙirga mata bakwai a layin awo, da wuya a rasa ɗaya da ke ɗauke da ita. Likitoci suna kiranta GBS a taƙaice. Uwa ba ta jin komai a jikinta, amma ƙwayar tana iya kashe jariri kafin ranar suna. Maganinta tsohon magani ne mai araha, wato fenisilin, sai dai yana da sharaɗi guda: a ba uwa shi ta jijiya tana cikin naƙuda, kuma ya samu aƙalla awa huɗu yana aiki kafin jariri ya faɗo. Wannan sharaɗin ne ya sa zan riƙa kawo misali da 'yan uwanmu na Birnin Gwari, domin a can samun awa huɗu a gadon asibiti ba ƙaramin aiki ba ne.

Wace ce GBS?

Bakteriya ce da ke zama a hanji da gaban mace mai cikakkiyar lafiya. Tana zuwa tana tafiya da kanta: a gwada mace yau a same ta, bayan wata uku a gwada a rasa. Ba ta sa ƙaiƙayi ko fitar ruwa, kuma likitoci ba sa lissafa ta cikin cututtukan da ake ɗauka wajen saduwa. Don haka uwargida, in an ce kina da ita, kada ki zargi maigida, kada ki harari abokiyar zama, kada kuma ki ɗauka rashin tsafta ne. Da farko ma a jikin shanu masana suka santa, inda take kumbura hantsa ta hana nono, kafin a gane ɓarnar da take yi wa jariran mutane.

A watan Nuwamba na 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya tare da wata babbar makarantar nazarin lafiya da ke Landan sun fitar da rahoto a kanta. Sun ce kimanin kashi 15 cikin 100 na masu ciki a duniya suna ɗauke da ita, wato kusan mata miliyan 20 a kowace shekara. Sun danganta ta da mutuwar jarirai kimanin 150,000 a shekara, in aka haɗa waɗanda suka mutu a ciki da waɗanda suka rasu bayan haihuwa, da kuma haihuwar bakwaini sama da rabin miliyan. Kusan rabin wannan nauyi a kan ƙasashen Afirka kudu da Sahara yake, inda muke.

Yadda take kaiwa ga jariri

Muddin faya ba ta fashe ba, jariri yana cikin jakarsa a rufe. Da zarar ta fashe, ƙofa ta buɗe. Ƙwayar tana iya haurawa sama ta shiga ruwan da jariri ke ciki, ko kuma ya kwashe ta a hanci da baki lokacin da yake ratsowa. Kusan rabin jariran da iyayensu ke da ƙwayar suna fitowa da ita a jikinsu. Mafi yawansu lafiya lau suke tashi. Ɗaya ko biyu cikin ɗari ne ƙwayar ke shiga jininsu ko huhunsu, ko ta kai ga ƙwaƙwalwa ta zama sanƙarau.

Ciwon kashi biyu ne, kuma al'adarmu ta sauƙaƙa mana tuna su. Akwai na kafin suna, wanda ke bayyana cikin kwana shida na farko, galibi ma a cikin yini da daren farko. Akwai na bayan suna, daga kwana bakwai har zuwa wata uku, wanda ya fi zuwa da sanƙarau. Yaron da ya tsira daga sanƙarau yana iya tashi da kurumta ko jinkirin zama da tafiya da magana. Allurar da ake yi wa uwa a lokacin naƙuda tana kare na kafin suna ne kawai. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin da allurar ke yi wa ƙwayar

Da farko a bambance: wannan ba ita ce allurar naƙuda da kuka sani ba, wadda ake sawa a ƙarin ruwa don ciwo ya kankama. Wannan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, ba ya ƙara naƙuda, ba ya rage ta.

Kowace ƙwayar GBS tana da bango da ya kewaye ta kamar katangar gida. Duk lokacin da za ta rabu biyu don ta hayayyafa, sai ta gina sabon bango. Fenisilin da ɗan uwansa amfisilin suna hana ginin ya kama, sai ƙwayar ta fashe ta mutu. In aka zuba maganin ta jijiya, nan da nan yake zagaya jinin uwa, ya ratsa mabiyiya ya shiga jinin jariri, sannan ya isa ruwan da jaririn ke kwance a ciki. Ta haka yake aiki a wuri biyu: yana rage yawan ƙwayoyin da ke hanyar fitowa, yana kuma sa jariri ya iso duniya da magani a jininsa.

Wannan aiki yana son lokaci. Bincike ya nuna cewa bayan awa biyu yawan ƙwayoyin ya fara raguwa sosai, amma kariya ta fi cika in an kai awa huɗu. Kuma da yake ƙoda tana saurin fitar da fenisilin ta fitsari, ana maimaita shi duk bayan awa huɗu har a haihu. Ko da an ga haihuwa ta kusa, ma'aikaciyar lafiya za ta bayar, domin kaɗan ya fi babu, amma ba a jinkirta haihuwar da ta zama dole don a cika awa huɗu.

Amfanin ba zato ba ne. A 1986 wasu likitoci biyu a birnin Chicago, Boyer da Gotoff, suka wallafa gwajin da ya nuna amfisilin a lokacin naƙuda yana hana ciwon. Amurka ta fitar da ƙa'ida a 1996, sannan a 2002 ta ce a gwada kowace mai ciki. A farkon shekarun 1990 kusan jarirai 2 cikin 1,000 ne ke kamuwa da ciwon kafin kwana bakwai a can. Daga baya adadin ya ragu da sama da kashi 80 cikin 100. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar tana kwatanta shi da haka: uwa mai ƙwayar da ba a ba ta magani ba, haɗarin jaririnta 1 ne cikin 200, wadda aka ba, 1 cikin 4,000.

Abin da allurar ba ta yi

Ba ta raba mace da ƙwayar har abada. Tana danne ta ne na 'yan awannin da jariri ke wucewa, bayan haihuwa kuma ƙwayar ta sake yaɗuwa daga hanji. Shi ya sa shan kafso a wata na bakwai ko na takwas ba ya hana komai: kafin ranar haihuwa ta dawo. Inda ake ba da magani tun kafin naƙuda shi ne in an ga ƙwayar tana sa ciwon fitsari, kuma ko an sha wannan, sai an sake ba da na jijiya ranar haihuwa.

Haka kuma ba ta hana ciwon bayan suna. Jariri yana iya samun ƙwayar daga baya, daga jikin uwa ko hannun masu ɗaukarsa. Don haka kada a ce ai an yi mata allura a asibiti, a saki jiki.

Maganin kuma yana da nasa nauyin. Wasu matan jikinsu ba ya karɓar fenisilin: ƙuraje, kumburin fuska, wani lokaci sarƙewar numfashi. In hakan ya taɓa faruwa da ke, ki faɗa tun ranar awon farko a rubuta a katinki, domin akwai wasu magungunan da ake musanyawa da su. Sannan an gano cewa jariran da aka ba iyayensu maganin suna fara rayuwa da ƙarancin wasu ƙwayoyi masu amfani a hanjinsu. Shayar da nonon uwa zalla, tun daga dakashi, yana taimakawa su farfaɗo. Wannan na cikin dalilan da suka sa ba kowace mai naƙuda ake yi wa allurar ba.

Wa ya kamata a yi wa?

A Amurka ana shafo ɗan ruwa da auduga a mako na 36 zuwa 37 a kai ɗakin gwaji. A Ingila ba a gwada kowa, alamomin haɗari ake bi. A yawancin asibitocinmu ma wannan gwaji ba ya cikin awon yau da kullum, saboda haka sanin alamomin ya zama namu. Su biyar ne:

Na ɗaya, naƙuda ta taso kafin ciki ya cika mako 37.

Na biyu, faya ta fashe har an kai awa 18 ba a haihu ba.

Na uku, zazzaɓi ya kama uwa tana naƙuda, zafin jiki ya kai 38 a ma'auni. A nan sau da yawa likita zai haɗa magani fiye da ɗaya, domin wataƙila ciwon ya riga ya shiga mahaifa.

Na huɗu, an taɓa samun GBS a fitsarinki a wannan cikin.

Na biyar, kin taɓa haihuwar jaririn da wannan ciwo ya kama. A wurinmu da ba kasafai ake gano sunan ƙwayar ba, in kin taɓa rasa jariri cikin kwanakin farko bayan ya yi ta nishi ya ƙi kama nono, ki ba ma'aikaciyar awo labarin dalla-dalla. Mun san tuna shi da ciwo, amma yana iya ceton na cikin.

Wadda aka shirya yi wa tiyata tun naƙuda ba ta fara ba, faya kuma ba ta fashe ba, ba ta buƙatar wannan allura saboda GBS.

Awa huɗu a hanyar Birnin Gwari

Yanzu mu sauko gida. Daga garin Birnin Gwari zuwa Kaduna tafiyar sama da kilomita 100 ce, ta Udawa da Buruku. Mazaɓu irin su Randagi, Kakangi, Kuyello, Tabanni, Kutemeshi da Dogon Dawa suna warwatse a cikin ƙasa mai faɗi, ga dajin Kamuku da ya haɗe da dazukan jihohin maƙwabta. Shekarun da aka yi ana fama da 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka, sun rufe ƙananan asibitoci da dama, sun koya wa mutane cewa ba a fita da dare. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je garin, aka ƙulla sulhu, aka sake buɗe kasuwar kara, zirga-zirga kuma ta ƙaru. Amma nisa yana nan, damina tana nan, kuma naƙuda ba ta tambayar ƙarfe nawa.

Ga lissafi mai sauƙi. Faya ta fashe bayan sallar isha'i, ƙarfe takwas na dare. Awa 18 za ta cika da ƙarfe biyu na rana, lokacin azahar. In aka jira gari ya waye, awa goma ta tafi. In aka ƙara jiran maigida ya dawo daga gona, aka nemi kuɗi, aka nemi mai babur, sauran takwas ɗin ma sun tafi kafin a ga ƙofar babban asibitin Jibril Maigwari. In ta isa kan jariri ya riga ya sauko, maganin ba zai samu awanninsa ba.

Ba Birnin Gwari kaɗai ba ce. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma haihuwa 16 kacal cikin 100 ake yi a asibiti, kuma a Najeriya jarirai 39 cikin 1,000 suna rasuwa kafin su cika wata guda. Ungozomar gida tana da hannu da gogewa, Allah ya saka mata, amma ba ta da allurar jijiya.

To me za a yi? Al'adarmu ta goyon ciki tana da amfani a nan. In gidanku yana nesa da asibiti, kuma kina da ɗaya daga alamomin nan, ki koma wurin dangi a cikin gari tun ciki yana wata takwas. Ki nemi izinin maigida tun yanzu, a gaban surukarki, cewa duk sa'ar da abu ya taso za a tafi ko yana nan ko ba ya nan. A ajiye kuɗin mota daban, a riƙe lambar direba ko mai babur biyu. Kati ya zauna a cikin jakar kayan haihuwa.

Ranar da ruwa ya zubo, ki duba wayarki ki riƙe lokacin, ko ki ce kafin wace sallah ne. Shi ne abu na farko da za a tambaye ki. Kada a ce zaƙi ne ke fita a zauna jira. Ruwan da ke ɗiga ba ya tsayawa, a je a duba shi ko babu ciwon mara. Kada a cusa komai a gaba, kada kowa ya riƙa sa hannu yana duba ko kai ya sauko, domin kowane taɓi yana tura ƙwayoyi sama. In ruwan yana wari, ko ya fito kore, ko jikinki ya yi zafi, tafiyar ta zama ta gaggawa.

Maganar kemis

Wata za ta ce, tunda maganin ƙwayoyin cuta ne, bari in aika kemis a sayo. Uwargida, a'a. Kafson da aka haɗiya ana naƙuda ba ya isa jini da ƙarfi da saurin da ake buƙata. Ja da yalo kuwa, wato tetirasaikilin, mafi yawan ƙwayoyin GBS da ke jikin mutane sun daina jin sa, kuma an hana mai ciki shan sa domin yana taɓa haƙora da ƙashin yaro. Wasu magungunan da ake ajiye wa masu gudun fenisilin ma ƙwayar ta fara gagararsu a ƙasashe da dama. Sa'ar da muka ci ita ce har yanzu fenisilin yana kashe ta, kuma shan magani barkatai shi ke ɓata irin wannan sa'a.

Haka ɗabi'ar ɗiga wa kowane sabon jariri Ampiclox a baki wai don a wanke masa ciki. Jariri mai lafiya ba ya buƙatarsa, wanda ƙwayar ta shiga jininsa kuma ɗigo ba zai ishe shi ba, sai ma ya sa a ɓata lokaci a gida ana ganin ai ana ba shi magani.

Alamomin da ba a kwana da su

Ko an yi miki allura ko ba a yi ba, ki sa ido a kan jaririnki daga ranar farko har ya cika wata uku. A kai shi asibiti nan take in ya ƙi kama nono ko ya daina bayan yana kamawa, in yana nishi ko numfashinsa ya kai 60 a minti guda, in ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa sosai, in jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, in ya saki ba ya motsi sai an taɓa shi, in yana jijjiga ko maɗigarsa ta kumbura, ko in shawara ta fito masa tun ranar farko.

Mun san ana cewa mai jego ba ta fita kafin suna, wasu ma sai arba'in. Wannan kunya ce da hutu, kuma suna da kyau a wurinsu. Amma ciwon kafin suna yana iya gama aikinsa cikin yini guda. A yi addu'a, a yi tofi, a kuma ɗauki yaro a tafi. Neman magani ba ya cin karo da tawakkali. In a asibiti kika haihu, ki daure ki cika awa 24 kafin ki nemi sallama, domin a cikin waɗannan awanni ne ciwon ya fi nuna kansa.

Ga wani abin ƙarfafa gwiwa ga na nesa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin da ƙaramin asibiti zai bi in jariri yana da alamun ciwo mai tsanani amma kai shi babban asibiti bai yiwu ba: allurar jentamaisin tare da amoksilin na sha, a hannun ma'aikacin da aka horar. Zariya na cikin wuraren da aka yi gwajin da ya haifar da wannan tsari. Babban asibiti ya fi, amma in hanya ta ƙi, asibitin mazaɓa ya fi zama a ɗaki nesa ba kusa ba.

Masana suna kan aikin rigakafin da za a yi wa mai ciki don ta miƙa wa jariri kariya tun yana ciki, kamar yadda ake yi da allurar tetanus. An gwada wani a Afirka ta Kudu, sakamakon da aka wallafa a 2023 ya ba da fata, amma bai kai ga shiga asibitoci ba tukuna. In ya fito, matan ƙauyukan da ke bayan daji za su fi kowa amfana, domin ba zai dogara da isa asibiti a kan lokaci ba. Kafin nan, abin da ke hannunmu shi ne awo, shiri da saurin tafiya.

A awonki na gaba ki yi wa ma'aikaciya tambaya biyu: ana gwajin GBS a nan ko a wani wuri kusa? Kuma in fayata ta fashe ba ciwo, me kuke so in yi? Ki dawo ki faɗa mana amsar da kika samu a sashen ra'ayoyi da ke ƙasa, tare da garinku, ba sai kin saka suna ba. 'Yan uwa na Birnin Gwari, Giwa, Funtuwa da kewaye, muna son jin yadda kuke shirya tafiyar haihuwa a damina, domin dabarar wata tana iya amfanar wata. Ki kuma tura wannan rubutu ga maigida da surukarki, tunda su ne za su ce a tashi.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuri'a, ya zaunar da yankunanmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.